Yadda Za Ki Kafa Aikin Duba Sankarar Bakin Mahaifa a Ƙaramin Asibiti

Wannan bayani na 'yan'uwa ne ma'aikatan lafiya mata, nas-nas da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma, musamman waɗanda ke ƙananan asibitocin gefen Abuja, irin su Zuba da Dei-Dei da Gwagwa da Karshi da ƙauyukan Kuje da Kwali da Abaji. A nan mace ke fara kawo kukanta, kuma a nan ake yawan sallamarta da maganin sanyi alhali abin da ke cin ta ya fi ƙarfin maganin sanyi.

A Najeriya sankarar bakin mahaifa ce ta biyu wajen kama mata, bayan ta mama. Ƙididdigar 2020 ta nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu a shekarar, kusan 8,000 kuma suka rasu. Alhali ciwo ne mai ba da dogon wa'adi. Ƙwayar HPV, wadda ake ɗauka ta saduwa, ita ke haddasa kusan dukkansa, kuma daga shigarta jiki zuwa zamanta sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20 a jikin mai ƙarfin garkuwa, 5 zuwa 10 a jikin mai HIV da ba ta shan magani. Kafin nan tabo ne kawai zaune a bakin mahaifa, inda ido ke iya ganinsa da tocila da ruwan khal, ana kuma iya kashe shi a zama ɗaya. Karatun nan ba zai maye gurbin horon hannu ba. Sai kin duba mata da dama a gaban wadda ta ƙware, ta amince da idonki, sannan ki zauna ke kaɗai.

Ki fara da sanin inda za ki tura mace

Yawancin masu shiga aikin nan da sayen kaya suke farawa, ko da shirya gangami, a kafa rumfa a ɗauko lasifika. A bar wannan sai daga baya. Gangami zai tara miki mata cike da harabar asibiti, a samu wasu da farin tabo, wataƙila ɗaya da ciwon ya riga ya kama. In ba ki da amsar "to Sista, yanzu ina za ni?", hankalinsu kawai kika tayar, kuma kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa cewa asibitin nan sai su ce kina da kansa su sallame ki.

Don haka ki ɗauki ƙafa ki je da kanki. In asibitinku ba shi da na'urar ƙona tabo, wa ke da ita a kusa? Wa ke yanke tabon da ya fi ƙarfin ƙonawa da zaren lantarki, aikin da ake kira LEEP? Ina ake cirar ɗan nama a kai ɗakin gwaji? A Abuja manyan wuraren da ake dosa su ne Babban Asibitin Ƙasa a tsakiyar birni, inda ake gashin sankara, wato kashe ta da hasken na'ura, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jabi, sai asibitocin gwamnatin birnin masu likitocin mata irin na Kubwa da Asokoro da Maitama. Sanin sunan asibiti bai wadatar ba. Ki samo ranar da likitocin mata ke zama, da ƙarfe nawa ake daina karɓar kati, da kuɗin buɗe fayil da na gwajin nama, da lambar nas guda a can wadda in kin kira za ta ɗauka. Matar da ta taso daga Abaji tun asuba, ta biya kuɗin mota, aka ce mata yau ba ranar mata ba ce, da wuya ki sake ganinta a hanyar asibiti.

Littafi biyu

Na farko rajista ce babba: suna, shekaru, sakamako, abin da aka yi, inda aka tura, da ranar dawowa. Matsayin HIV ki rubuta shi da alamar da ku ma'aikata kaɗai kuka sani. Wajen adireshi kwatance za ki karɓa, tunda gidajen gefen birni ba su da lamba: bayan masallacin Juma'a, gidan da ke kallon mai injin markaɗe. Lambar waya biyu, tata da ta wanda ta yarda a kira. Ki tambaye ta, "in na kira lambar nan wa zai ɗauka?" Sau da yawa wayar maigida ce, kuma ba kowace magana ake faɗa masa ba sai da izininta.

Na biyu ƙaramin littafi ne mai shafi-shafi na watanni. Wadda za ta dawo a Maris na baɗi, sunanta na shafin Maris. Ranar farko ta kowane wata ki buɗe shafin ki fara kira. Littafin nan shi ne aikin. Ba shi, kina duba mata ne kawai kina cika rahoton wata.

Kayan aiki da ɗaki

Kayan ba su da yawa. Sifekulum, wato ƙarfen buɗa gaba, manya da matsakaita da ƙanana. Tocila mai farin haske, domin mai jan haske tana ɓoye tabo. Safar hannu, auduga a kan dogon tsinke, ruwan gishirin asibiti, da agogo mai nuna daƙiƙa. Sai ruwan khal fari mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Ki karanta jikin kwalba, kada ki karɓi na tuffa ko wani mai launi. In tsantsar asid ɗin aka ba ku daga ɗakin magani, mililita 5 ake zubawa a mililita 95 na tataccen ruwa, a haɗa da safe, abin da ya rage a zubar da yamma. Tsantsar tana ƙona nama, saboda haka kwalbarta ba ta kwana a ɗakin duba.

Ƙarfen da aka yi aiki da shi a wanke da sabulu da buroshi har cikin maɗaurinsa, sannan a sa a tukunyar turara kayan aiki, ko a tafasa minti 20 ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya tafaso. Gado a goge da Jik: in mai ƙarfin 3.5 ce, awo ɗaya a awo shida na ruwa. Yawan ƙarafunanki shi ke yanke yawan matan da za ki duba a yini, kada ki kira ashirin kina da biyar.

Ɗaki kuma ya zama mai sakata da labule, ƙafar gado ta juya wa ƙofa baya, kuma kowa a asibitin ya san ba a leƙowa neman biro ko makulli. Mace ɗaya da namiji ya faɗo mata tana kwance ta ishe ki asarar unguwa guda.

Wa za ki duba, kuma ina za ki same ta

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce a fara daga shekara 30, a fi ba da ƙarfi ga 'yan 30 zuwa 49. Mai HIV daga 25 ake farawa, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Gwajin da ya fi inganci shi ne na ƙwayar HPV kanta, wanda ake maimaitawa bayan shekara 5 zuwa 10, mai HIV kuma 3 zuwa 5. In asibitinku na karɓar wannan samfuri, ki riƙe shi da kyau, don mace na iya ɗauka da hannunta a bayan labule, abin da ke warware rabin matsalar kunya. Wadda gwajin ya nuna tana da ƙwayar, sai ki duba ta da khal ki ga irin maganin da ya dace da ita. Inda babu gwajin HPV, duban khal ne duk bayan shekara 3. Matar da al'ada ta daɗe da ɗauke mata, galibi bayan hamsin, wurin da ake dubawa yakan shige ciki, khal ba ya nuna gaskiya. Ita sai a tura ta wani gwajin.

Ba sai kin fita nema ba, suna zuwa da ƙafarsu. Ranar awo da ranar allurar yara, dubi benci. Masu cikin yawancinsu ba su kai talatin ba, amma ga uwa ko uwar miji ko yaya da ta yi rakiya, tana zaune da goyo tana jiran a gama. Ita kike nema. Haka masu zuwa tsarin iyali, da masu karɓar maganin HIV. Waɗannan ki haɗa baki da mai ba su magani, duk wadda ta kai 25 ta biyo ta ɗakinki kafin ta tafi.

Akwai kuma waɗanda ba jiran shekaru ake yi da su ba: mai ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, da mai zubar ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. A wurinmu irin wannan jini wajen malamai ake fara kai shi. Mace za ta yi shekara tana tambayar hukuncin sallarta da azuminta a kan jinin istihala, ba wanda ya ce mata ta je a duba. Ki ziyarci malaman Islamiyyar matan aure da shugabannin zumuntar mata a coci, ki roƙe su abu ɗaya: bayan sun ba da amsar addini, su ƙara da "ki je asibiti a duba bakin mahaifa." Ruwa mai wari kuwa sanyi ake kiransa, a yi ta sayen ƙwayoyi a kemis. Ki kafa wa kanki doka, ba a rubuta wa mace maganin sanyi karo na biyu ba tare da an sa ƙarfe an gani ba.

Maganar da ake yi kafin a hau gado

Ki zauna, kada ki yi bayani a tsaye. "Hajiya, ba wani abu na gani a jikinki ba. Akwai tabon da ke fitowa a bakin mahaifa shekaru kafin ya zama ciwo, ba ya zafi ba ya ƙaiƙayi. In mun gan shi da wuri, kashe shi ba wuya." Tambayar da ke biyowa kusan kullum ɗaya ce: "Sista, ƙarfen nan fa? An ce yana buɗa mace." Ki ɗauko mai tsabta ki miƙa mata ta riƙe, ta ga girmansa a rufe, ki tuna mata kan jaririn da ta haifa.

In ta ce sai ta tambayi maigida, kada ki ja. Jikinta ne, yardarta ake nema, amma in aka yi magani za a bukaci mako huɗu ba saduwa, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da shi. Gara a shigo da shi tun farko. Ki ba ta kati da rana, ki ce in Malam na da tambaya ya zo ko ya kira.

Ki kiyaye harshenki a kan yadda ake ɗaukar ƙwayar. HPV ta yaɗu ƙwarai, mafi yawan masu aure sukan gamu da ita a rayuwa, jiki ya kore ta ba su sani ba. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauke da ita, kuma ba a iya sanin yaushe ta shiga. Kalma ɗaya da ta yi kama da zargi tana iya kashe aure. A gidan da ke da kishiyoyi ki gayyaci kowacce a matsayin mace mai shekarun dubawa, ba tare da sakamakon wata ya fita daga bakinki ba.

Ki tambayi ranar al'adarta ta ƙarshe. Mai jini da yawa ta dawo in ya ɗauke. Mai ciki ba a ƙona mata tabo sai bayan haihuwa da kamar wata uku, amma in akwai alamar sankara ba a jira, a tura ta.

Duban kansa

Ta yi fitsari tukuna. Ta kwanta, ki rufa mata zani daga cibiya zuwa gwiwa. Tunda ta riga ta cire kaya, ki fara da mama: ki duba, ki lalluba har hammata, duk ƙullutun da kika ji na likita ne. Sannan ki duba wajen gaba ko akwai ƙuraje ko gyambo.

Ki jiƙa ƙarfen da ruwa mai ɗumi, ki ce mata "zan sa yanzu, ja numfashi." Ki shigar da shi a rufe, a ɗan karkace, yana fuskantar ƙasa wajen baya, sai ya shige sannan ki juya ki buɗe a hankali har bakin mahaifa ya zauna tsakanin leɓɓansa. Ki ɗaure, ki haska. Kafin khal, ki kalla da kyau. Ki share majina da ruwan gishiri, a dangwale ba a goge ba. In akwai ruwan ƙwaya mai yawa da ja da kumburi, ciwon sanyi ne na gaske. Ki yi maganinsa, ta dawo. In kin ga farin tabo tun kafin ki sa komai, wannan na gwajin nama ne.

Yanzu ki nemo layin haɗuwa. Fatar wajen bakin mahaifa santsi gare ta, ruwan hoda. Ta cikin ƙofar ja ce, mai laushi. Inda suka haɗu akwai layi mai zagaye ƙofar, kuma a gefen wannan layi kusan duk tabon ke tsirowa. In ba ki ga layin a zagaye duka ba, dubanki bai cika ba, kada ki rubuta "lafiya". Ja mai faɗi da ke kewaye ƙofar a jikin masu jego da masu shan ƙwayar tsarin iyali fatar ciki ce ta leƙo, ba ciwo ba ne, kuma sababbin hannu sukan firgita da ita.

Ki tsoma auduga a khal ta jiƙe sosai, ki shafe bakin mahaifa gaba ɗaya, ki gaya mata za ta ji ɗan raɗaɗi. Sai ki kalli agogo, minti ɗaya cur. A nan aka fi yin kuskure. Layi na jira a waje, hannu ya gaji, sai a duba a daƙiƙa ashirin a ce ba komai, ko a ga wani fari-fari da zai ɓace a ce tabo ne.

Bayan minti ɗaya, tabon gaske fari ne mai kauri, kamar an ɗiga kindirmo, mai iyaka a fili, manne da layin haɗuwa, kuma ba ya saurin gushewa. Fari mai shara-shara wanda ake hango ja ta cikinsa, ko ɗigo-ɗigo can nesa da layin, ko siririn zare a bakin layin, ko 'yan ƙullutai masu sheƙi ruwan ɗorawa, duk waɗannan ba su ne ba. In kin yi shakka ki sake shafawa ki sake jira, ko ki kira abokiyar aiki. Sakamako uku ne kawai: babu tabo, akwai tabo, ko zargin sankara. Ki zana da'ira a katinta ki nuna wurin tabon da lambobin agogo, misali daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 2 a leɓen sama.

In akwai tabo

Ki ba ta labari tana sanye da kayanta, a zaune. "Inna, mun ga tabon nan da na gaya miki. Ba kansa ba ce. Shi ne abin da muka fito nema, kuma yana da magani." Ki maimaita "ba kansa ba ce", domin kunnen da ya ji "mun ga" ba ya jin sauran.

Ana ƙona tabo ne in sharuɗɗa sun cika: ana ganin layin haɗuwa duka, ana ganin tabon duka bai shige cikin ƙofa ba, bai rufe kashi 75 cikin ɗari na bakin mahaifa ba, kan na'urar zai iya rufe shi, kuma babu ko ƙanshin zargin sankara. Ɗaya ya faɗi, LEEP ne, a tura ta. Na'urar zafi ta hannu mai batir ita ta fi dacewa da asibitin da wuta ke zuwa ta ga dama. Tsohuwar hanyar daskarar da tabo da iskar gas tana aiki, amma neman tukunyar gas ɗin kan tsayar da aiki wata da watanni. Ana ɗora kan na'urar a kan tabon, zafi digiri 100, daƙiƙa 20 zuwa 30, a ɗaga a matsa a sake har a rufe yankin layin duka. Ki kula kan ya huce kafin ki zaro shi, kada ya taɓa bangon gaba. Ba a bukatar allurar kashe zafi, murɗar mara ce irin ta al'ada. In da hali a yi a ranar, domin kowace "ki dawo jibi" tana zubar da wasu a hanya.

Kafin ta tafi ta san abin da zai biyo: ruwa zai riƙa zuba har kusan wata guda, wani lokaci da ɗan jini. Mako huɗu ba saduwa, in ya gagara a sa kwaroron roba. Ba matsi, ba cusa komai, kuma ki ambaci kayan mata da sunansu, don in kin ce "komai" ba ta lissafa su a ciki. Zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani, ko jini mai gudaji, ta dawo ko da dare ne. Bayan wata 12 a sake dubawa. Ki rubuta ta a shafin watan tana kallo.

In kin ga abin da ya yi kama da sankara

Tsiro mai rugurgujewa, ko gyambo, ko wurin da ke zubar da jini da an taɓa. Kada ki ƙona, kada ki yi ta shafa khal. Ki zare ƙarfen a hankali. Ba ke ce mai tabbatarwa ba, gwajin nama ne, saboda haka kada ki ce kansa ce, kada kuma ki ce ba komai. "Na ga wani ciwo da ya fi ƙarfin asibitin nan, ina so babban likita ya gani a makon nan." In ta tambaya ko kansa ce, ki ce tana iya zama, shi ya sa ba ma son jinkiri. Ki tambaye ta wa take so a kira cikin dangi. Ki rubuta takarda mai bayanin abin da idonki ya gani, ki kira nas ɗin can a gabanta, ki auna jininta don yawanci ya yi ƙasa. Bayan mako guda ki kira ki ji ko ta je. In ba ta je ba ki nemi dalili: kuɗi ne, ko tsoro, ko an ce a fara gwada na gargajiya? Ba a faɗa da addu'a da rubutu, a ce a haɗa da asibiti. Abin da za ki hana shi ne cusa magani a gaba da ɓata watanni.

Maganar kuɗi a yi ta da wuri. Akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu sankarar mama da bakin mahaifa da ta prostate ta maza, wanda aka fara a 2021, kuma Babban Asibitin Ƙasa na cikin asibitocin farko da aka sa a ciki. Dangi su tambayi ofishin walwalar marasa lafiya tun ranar farko. Su kuma san cewa gashi kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a, kusan mako biyar, galibi da ƙarin ruwan kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, sau ɗaya a mako, sannan gashin ciki da ake yi ta gaba, kuma ana so a gama duka cikin mako takwas. Mai zuwa daga Kwali ko Abaji tana bukatar masauki a gari da masu ba da jini.

Allurar 'yan mata

A ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, aka fara da 'yan mata 'yan 9 zuwa 14, kuma Abuja na cikin rukunin farko. Kyauta ce, sau ɗaya ake yi, rabin mililita a dantse. Tana kare nau'i huɗu na ƙwayar, ciki har da 16 da 18 masu jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. A ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8, in ta daskare ta lalace. Yarinya ta zauna minti 15 bayan allura, domin 'yan wannan shekaru sukan yi jiri, kuma yarinya ɗaya da ta faɗi a gaban 'yan ajinsu ta isa ta watsa layi. Mai HIV tana bukatar aƙalla biyu.

Za a ce miki ta hana haihuwa ce. Kada ki yi dariya, kada ki yi fushi. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba, da rikicin allurar shan inna na 2003. Ki amsa kai tsaye: ba ta taɓa haihuwa, mahaifar ma take karewa, kuma an fara yin ta a duniya tun 2006. Mafi sauƙin shawo kai ita ce uwar da kika gama dubawa yanzu. Ki tambaye ta ko tana da 'yar shekara tara. Waɗanda ba sa boko kuma a Islamiyya da wajen talla za ki same su.

Wadda ta dawo daga gashi

Babban asibiti zai sallame ta, amma ke ce kusa da gidanta. Ki karɓi takardar sallamar ki kwafe abin da aka yi mata: tiyata ce, ko gashi, ko duka, da ranar gamawa. Akan so likitocinta su gan ta duk wata 3 zuwa 4 a shekara biyun farko, sannan duk wata 6 har shekara biyar, daga nan shekara-shekara. Waɗannan ranaku ma su shiga littafin watanni. Khal ba shi da aiki a kanta. Aikinki tambaya ce da awon nauyi da na jini. Sabon jini, ciwon ƙugu ko baya da ba ya sauka, rama, tari mai naci, yoyon fitsari ko bayan gida ta gaba, duk a mayar da ita ba sai ranarta ta zo ba. Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya tana zafi, wannan na gaggawa ne, jini ne kan daskare a jijiya.

Akwai abubuwan da ba za ta faɗa ba sai kin tambaya. Gashi na tsayar da al'ada ko da tana da ƙuruciya, ta riƙa jin zafi na taso mata da gumin dare. Yana busar da gaba ya tsuke ta, saduwa ta zama azaba, har duban likita ya gagara. Sandar roba da ake bayarwa a sashen gashi don buɗa wurin, ki tambaya ko tana amfani da ita yadda aka tsara mata, don da yawa a ƙasan akwati take ƙarewa. Ki nuna mata man shafawa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kemis. Gudawa da yawan fitsari ma sukan daɗe. Ki nemi ganin maigidan, in ta yarda, ki gaya masa a fili cewa ciwon ba ya yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa, kuma ba wani zafin na'ura da ya rage a jikinta. Akan ware wa irin waɗannan mata kofi da ɗaki, a hana su ɗaukar jikoki, ba da mugunta ba sai don ba wanda ya yi wa gidan bayani.

Wadda kuma aka ce ciwon ya wuce magani, ba a rufe mata fayil. Ciwo ana bin sa daki-daki, daga farasitamol zuwa tiramadol zuwa mofin na sha, wanda likita ke rubutawa, ana ba da shi duk awa huɗu bisa agogo ba sai ta yi kuka ba, tare da maganin taurin bayan gida tun ranar farko. Wari, wanda shi ke korar 'yan dubiya, Flagyl na rage shi sosai, da wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi da yawan sauya ƙyalle. Ki koya wa mai jinya juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, ki ba ta safar hannu, ki rubuta mata lokutan magani da manyan lambobi a bayan kati. Mai jinyar nan galibi 'yarta ce ko ƙanwarta, ki tambayi shekarunta, in ta kai talatin ki sa mata rana.